Wurin Tsayuwa da Lens: Zaɓin Mai Ɗaukar Hoton Tseren Motoci

Wanda ya ƙudura ɗaukar hoton motocin tsere yakan fara da tambayar wace kyamara ko wane lens zai saya, alhali akwai tambayar da ta riga wannan: ina zai tsaya? Wurin tsayuwa ne ke yanke tsawon lens ɗin da kake buƙata, da irin hoton da za ka koma gida da shi, da kuma abin da zai same ka ranar da mota ta kufce wa direba. Saboda haka kwatancen nan hawa biyu ne: wuraren tsayuwa huɗu da ake samu a kusan kowane filin tsere, sannan nau'o'in lens da suka dace da su.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko haɗari, kuma shi ya kamata a fi tsayawa a kai. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cinye kusan mita 56 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 300 tana cinye mita 83. Ɗan Adam yana buƙatar kimanin rubu'in daƙiƙa kafin jikinsa ya fara amsa abin da idonsa ya gani, wato a gudun 300 mota ta riga ta matso mita 20 kafin ƙafarka ta ɗaga daga ƙasa. Ga kuma matsalar da ta keɓanta da mai kyamara. Lens, wato gilashin gaban kyamara, ana auna ƙarfin zuƙowarsa da milimita, shi ake kira tsawonsa, kuma mai tsawon milimita 400 yana nuna maka kimanin digiri 5 ne kacal na abin da ke gabanka, duk sauran duniya ta ɓace. Ɗan kallon da ke gefenka ya ga motar da ta fara juyawa a baya, kai kuwa kana can kana bin ta gaba. Don haka tambayoyin haɗari uku ne: me ke tsakanina da motar, ina za ta dosa in birki ko taya ya ci amanar direba, kuma ina zan faɗa in ta taso.

Na biyu kuɗi, har da waɗanda ba a gani da farko irin su inshora da hayar kaya. Na uku sauƙi: wahalar samun shiga, nauyin da za ka wuni kana ɗauka, da tsawon lokacin koyo. Na huɗu ƙarko, wato yadda kayan ke jure ƙura da ruwa da ɓarɓashin robar taya, da kuma ko wannan hanya za ta ɗore maka shekara da shekaru.

Na biyar shi ne hoton kansa, kuma akwai lissafi mai sauƙi da zai hana ka sayen abin da bai dace ba. A kyamara mai cikakkiyar sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa, wadda faɗinta milimita 36 ne, ka ninka nisanka da motar a mita da 36, ka raba da tsawon lens. Abin da ya fito shi ne faɗin filin da zai shiga hoto. Daga mita 50, lens na 200 yana ɗaukar mita 9, na 400 yana ɗaukar mita 4 da rabi. Daga mita 100, na 600 yana ɗaukar mita 6. Motar tsere tsawonta tsakanin mita 4 da rabi zuwa 5 da rabi ne, faɗinta kusan mita 2. In kyamararka mai ƙaramar sensa ce ta APS-C, ka ninka tsawon lens ɗin da 1.5, ko 1.6 in Canon ce, kafin ka yi lissafin.

Rumfar 'yan kallo mai kujeru

Nan ne mafi kwanciyar hankali. Kana sama, kana nesa, akwai katanga da ragar waya tsakaninka da hanya, kuma in kujerarka tana cikin layukan sama za ka iya harbo hoto ta saman ragar ba tare da waya ta shiga ba. Wannan tsari na kariya an saye shi da tsada: a Le Mans ta Faransa a 1955, motar Mercedes ta Pierre Levegh ta tashi ta tarwatse cikin jama'a, mutum fiye da 80 suka mutu, kuma tun daga nan aka fara sake tunanin nisan da ya kamata ya raba 'yan kallo da motoci.

Tikitin kujera ya fi na tsaye tsada, a manyan gasanni nesa ba kusa ba. Illarsa ga mai hoto ita ce kana ɗaure wuri ɗaya. Kusurwa ɗaya, bango ɗaya, wuni guda, kuma duk hotunan daga sama suke kallon rufin mota. Ga kawunan mutane, ga wanda zai miƙe daidai lokacin da ka danna. Dogon lens ma yana takura wa na kusa da kai, kuma wasu gasanni suna iyakance tsawon lens ko hana shiga da sandar ɗora kyamara, don haka a karanta sharuɗɗan tikiti kafin a fito. Amfaninsa na gaske shi ne tashin farko, lokacin da motoci ashirin ko fiye suke rububin shiga kwanar farko. Wannan hoton daga sama ya fi kyau.

Tudun 'yan kallo da bayan raga

Tikitin tsaye yana ba ka damar zagaya filin, kuma a ganina nan ne makarantar wannan sana'a. Kuɗinsa kaɗan ne, musamman a ƙananan gasanni na ƙungiyoyi da ranakun gwaji, inda wani lokaci za ka samu kwanar hanya guda kai kaɗai. Da safe ka tsaya inda rana ke bayanka, da yamma ka koma ɗaya gefen, ka gwada kwanar hanya biyar ko shida kafin a tashi.

Abokin gabar nan ita ce raga, amma tana da magani. Ka matsa kusa da ita gwargwadon inda aka yarda 'yan kallo su kai, ka buɗe ƙofar hasken lens har ƙarshe, ka zuƙo zuwa mafi tsawo, ka fuskanci ragar kai tsaye maimakon a karkace. In wayar tana kusa da gilashi ita kuma motar tana nesa, wayar sai ta narke ta ɓace, sai dai ɗan dusashewar launi da za a gyara daga baya. Ka nemi ɓangaren ragar da ke cikin inuwa, domin wayar da rana ke haskawa tana barin farin hazo a hoto. Wahalar tana zuwa ne a filayen da aka yi shinge biyu, ƙaramin da ke tsare jama'a da babbar ragar da ke can gaba da 'yan mitoci. A irin wannan wuri ko dai ka hau tudu ka wuce saman ragar, ko ka yi amfani da dabarar bin mota da kyamara, wadda ke shafe waya tare da bango.

Dabarar ita ce ka rage saurin ƙiftawar kyamara, ka kafa ƙafafunka suna kallon inda za ka danna, ka juya daga ƙugu kana bin motar, ka ci gaba da juyawa ko bayan ka danna. A fara da 1/250 na daƙiƙa, in hannu ya faɗa a sauka 1/125, daga baya 1/60. Yawancin hotunan za su lalace, wannan ba abin damuwa ba ne. Wanda ya fito zai nuna lambar mota tar, tayoyi suna juyawa, bango ya zama zare-zare na launi. In kuwa motar tana tahowa ne ta fuskance ka, sai ka koma 1/1000 ko sama, domin ko a 1/1000 motar da ke gudun 200 tana matsawa fiye da santimita 5 yayin da ƙofar ke buɗe.

Haɗarin nan kaɗan ne amma bai zama babu ba. A 2015 a Nürburgring ta Jamus, wata Nissan GT-R ta ɗaga hanci a wurin da ake kira Flugplatz, ta tashi ta tsallake shinge ta faɗa inda 'yan kallo suke, mutum ɗaya ya rasu. A Indianapolis ta Amurka a 2023 taya ta ɓalle ta tsallake raga, Allah ya kiyaye ta wuce gefen rumfa ta sauka kan motar da aka ajiye. Abin lura shi ne mota da tarkacenta suna bin layin da suke kai kafin a rasa iko da su. Wajen kwana, musamman ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya inda ake taka birki, nan komai ke zuwa. Cikin kwana ya fi aminci, kuma sau da yawa hotonsa ya fi, tunda motar tana zagaya ka a nisa kusan iri ɗaya, abin da ke sauƙaƙa bin ta.

Kada a hau shinge, kada a tsaya kan kujerar naɗewa a bakin raga, kada a cusa lens ko yatsu ta cikin waya. Raga an yi ta ne ta lanƙwasa ta shanye bugu, duk abin da ke jingine da ita kuma zai sha rabonsa.

Bakin hanya da izinin 'yan jarida

Wannan shi ne burin kusan kowa: rigar shaida mai lamba, tsayuwa bayan katanga, da tagogin da aka yanka a raga domin lens. Hoton da ake samu nan ba shi da na biyu. Kana ƙasa daidai da mota, babu waya, kana ganin idon direba ta gilashin hularsa, da almuru kuma kana ganin faifan birki ya yi ja kamar garwashi.

Ba a sayen wannan izini da tikiti. Masu shirya gasa suna neman shaidar cewa wata jarida, ƙungiyar tsere ko direba ce ta aiko ka, suna neman ganin aikinka na baya, kuma a wurare da yawa sai ka nuna inshorar da za ta biya in ka jawo wa wani asara. Za ka sa hannu a takarda, ka halarci bayanin tsaro da safe, a ba ka taswirar da aka shafa wa wasu wurare ja, inda ba a yarda kowa ya tsaya ba. A gasannin duniya irin Formula 1, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ce ke tantancewa, kuma ƙofar a ƙuntace take ƙwarai.

Ya kamata a faɗi haɗarinsa ba tare da kwana-kwana ba, domin masu sha'awar rigar nan sukan ɗauka alama ce ta girma, alhali alama ce ta cewa an cire maka kariya ɗaya. A Monza ta Italiya a 2000, tayar da ta ɓalle a karon zagayen farko ta kashe Paolo Gislimberti, ma'aikacin kashe gobara na bakin hanya. Bayan 'yan watanni, a Melbourne ta Ostareliya a 2001, wata tayar ta bi ta tazarar da aka bari a raga ta kashe Graham Beveridge, shi ma ma'aikacin tsaron hanya. Duka biyun sun faru ne bayan an fara ɗaure tayoyin Formula 1 da igiyoyin kariya a 1999. A Le Mans a 2011, Audi ta Allan McNish ta daki katanga ta tarwatse, tarkace ya yi ruwa a kan masu hoton da ke tsaye a bayanta, aka yi sa'a ba wanda ya ji mummunan rauni. A Makau ta Sin a 2018, motar Sophia Flörsch, wadda aka auna gudunta kilomita 276 a awa dab da wurin birki, ta tashi sama a kwanar Lisboa ta keta raga ta daki rumfar masu ɗaukar hoto. Ita ta samu karaya a ƙashin baya, an kuma kai masu hoto biyu da ma'aikacin tsaro ɗaya da wani direba asibiti. Waɗannan mutane ba su karya doka ba, suna inda aka ce su tsaya.

Saboda haka wanda ya samu izinin nan sai ya ɗauki ɗabi'un da tsofaffin hannu ke bi. Da isarka wuri, kafin ka ɗaga kyamara, ka duba inda za ka faɗa ko ka ruga, ka tabbata jakarka ba ta tare hanyar ba. Kada ka juya wa hanya baya. Kada ka zauna ko ka durƙusa a inda sai ka yi yunƙuri biyu kafin ka miƙe. Kada ka jingina da katangar ƙarfe ko ka ɗora kaya a kanta, tana motsawa in an buge ta. Ka koyi barin ido ɗaya a buɗe a wajen kyamara, ka kuma saurari kunnenka, domin ƙarar tayar da ta kulle takan riga ganin ido. Duba hotuna a allon kyamara sai motoci sun wuce kuma kana bayan abu mai ƙarfi. Wannan ɗabi'a ta sunkuyar da kai kan allo bayan kowane danni ita ce na fi jin tsoro ga sababbi.

Masu tuta su ne hukuma a wurin. Tuta rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, biyu ana kaɗawa na nufin hanyar na iya toshewa ko akwai mutane a kai, ja kuma an tsayar da tseren. In mai tuta ya ce ka matsa, ka matsa, gardama sai bayan an tashi. Ba a tsallaka hanya sai da izininsu, ko da ta yi tsit. A Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1977, wani matashin ma'aikaci ya tsallaka da tukunyar kashe gobara a hannu, motar Tom Pryce ta buge shi, su biyun suka mutu. In an yi karo kusa da kai, kada ka ruga wajen, mota ta biyu takan biyo ta farko, kuma motoci masu babban batirin lantarki na iya ɗauke da wutar da za ta kashe wanda ya taɓa su. In ka ga alamar an ji ciwo sosai, ka sauke kyamarar. Direban nan yana da iyali, kuma bai dace su fara ganin labarin a hotonka ba.

Farfajiyar gareji da layin gyara

Farfajiyar da ke bayan gareji a buɗe take ga masu tikiti a ƙananan gasanni da yawa, a manya kuma sai da tikiti na musamman mai tsada. Nan ake samun hotunan mutane: makaniki kwance ƙarƙashin mota, direba yana ɗaura hula, tayar da aka ciro yanzu tana ɗauke da dunƙulen roba da tsakuwa manne a jikinta. Ba ya buƙatar dogon lens, ko waya ma tana aiki. Haɗarinsa ƙarami ne amma na kusa, motocin da ake turawa shiru, babura, bututun hayaƙi mai zafi, igiyoyi a ƙasa.

Layin gyara kansa, inda motoci ke shigowa sauya taya, lokacin tsere wani abu ne dabam, sai mai izini na musamman. A Formula 1 iyakar gudu a ciki kilomita 80 ne a yawancin filaye, wanda ya isa kisa. A Baku ta Azarbaijan a 2023, direba Esteban Ocon ya shigo sauya taya a zagayen ƙarshe ya tarar masu hoto da wasu sun fara taruwa a layin suna jiran bikin kammalawa, da ƙyar aka kauce. A gasannin da ake zuba mai a layin, irin Le Mans, ana wajabta wa mai hoto rigar da ba ta kama wuta da hular kwano.

| Wuri | Kuɗi | Sauƙin samu | Haɗari | Lens da ya dace (milimita) |
|---|---|---|---|---|
| Rumfar kujeru | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai sauƙi | Mafi ƙaranci | 300 zuwa 600 |
| Tudu da bayan raga | Kaɗan | Mai sauƙi | Kaɗan, ya ƙaru a wajen kwana | 200 zuwa 600 |
| Bakin hanya da izini | Inshora da kayan aiki | Mai wuya | Mafi yawa | 70 zuwa 500 |
| Farfajiyar gareji | Kaɗan a ƙananan gasanni | Matsakaici | Kaɗan | 24 zuwa 200 |

Duk inda ka zaɓa, ka toshe kunnenka. Iyakar da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da ita ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ne kawai. Motocin tsere da yawa sun wuce haka a kusa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne yana rage ƙarar ne, ba ya hana ka jin kukan taya ko usur ɗin mai tuta.

Lens: me kuɗinka ke saya

Dogon lens yana saya maka nisa, nisa kuma shi ne kariyar da ba ta lanƙwasawa. Da wannan idon nake auna su.

Lens na 70-200 mai ƙofar f/2.8 (ƙanƙantar wannan lamba na nufin faɗin ƙofar haske) nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi ne, sababbin ƙira sun fi haka sauƙi. Saitinsa, wato yadda yake kama abu ya fito tar, na da sauri, yana aiki da duhu, jikinsa na jure wahala, kuma yana amfani a wasu ayyukan da ba tsere ba. Ga mai izinin bakin hanya da mai yawo a gareji, ba a rabuwa da shi. Ga ɗan kallo kuwa gajere ne a manyan filayen zamani masu faffadan filin tsakuwa da kwalta a wajen kwana, kuma gajartar nan ce ke jan mutum ya riƙa neman matsawa inda bai kamata ba.

Rukunin 100-400 ya fi kowanne daidaito. Canon 100-400 na biyu, wanda ya fito a 2014 a kan kimanin dala 2,200, nauyinsa kusan kilo 1.6 ne, ana iya riƙe shi a hannu wuni guda, bin mota da shi kuma ba wuya. A kan kyamarar APS-C yana kaiwa kwatankwacin 600 ko sama da haka.

Rukunin da ke kaiwa 500 ko 600 shi ne aka yi domin ɗan kallo. Sigma 150-600 na Contemporary ya fito a 2015 a kan kimanin dala 1,100, nauyinsa ya kusa kilo 2. Nikon 200-500 mai f/5.6 ya fito a shekarar a kan kimanin dala 1,400, kilo 2.3. Sony 200-600 ya zo a 2019 a kan kimanin dala 2,000, kilo 2.1, kuma shi ba ya miƙewa waje in ana zuƙowa, abin da ke rage shan ƙura da sauƙaƙa daidaita shi a hannu. Sauran biyun suna miƙewa. Rauninsu duka ƙofar haske ce, f/5.6 ko f/6.3 a ƙarshe, don haka da gari ya lumshe ko aka shiga tseren dare sai su fara jan ƙafa. Nauyinsu ma yana gajiyar da kafaɗa, sandar ƙafa ɗaya na taimakawa. Mai ƙafa uku kam a bar ta a gida, tana tare hanya, tana hana gudu, wurare da yawa ma sun hana ta. A sani kuma cewa a rana mai zafi, tururin da ke tashi daga kwalta yana ɓata duk hoton da aka ɗauko daga nesa sosai, komai tsadar gilashin.

Manyan lens marasa zum, wato masu tsawo ɗaya tak, irin 400 mai f/2.8 su ne na ƙwararru. Sababbin ƙira na Canon da Sony sun fito a kan kusan dala 12,000, nauyi kusan kilo 3, tsofaffin ƙira sun fi haka nauyi sosai. Suna narkar da raga da bango fiye da kowa, suna gani da dare, kuma da gilashin ƙari na 1.4 suna zama 560 mai f/4. Suna ƙarko, suna riƙe darajarsu in za a sayar. Sai dai wanda ba ya cin abinci da hoto ba shi da dalilin saye, haya ta kwana biyu ta wadatar. Kuma mai ɗauke da irin wannan kaya ya sa a ransa tun farko cewa in mota ta taso, sakin sa zai yi.

Akwai kuma kyamarori masu lens a haɗe. Sony RX10 na huɗu, na 2017, yana kaiwa kwatankwacin 600 a nauyin da bai fi kilo 1.1 ba, saitinsa na bin abu mai gudu da kyau. Nikon P1000 na 2018 yana kaiwa kwatankwacin 3000, amma sensarsa ƙarama ce ƙwarai, bin mota a wannan tsawo kuma kusan ba ya yiwuwa. Ƙaramar sensa ba ta narkar da raga yadda babba ke yi, wannan shi ne babban cikas ɗinsu a bayan waya.

| Lens | Kuɗi | Nauyi | Ƙarko | Inda ya gaza |
|---|---|---|---|---|
| 70-200 f/2.8 | Matsakaici zuwa mai yawa | Kimanin kilo 1.5 | Sosai | Gajere daga tudu |
| 100-400 | Matsakaici zuwa mai yawa | Kimanin kilo 1.6 | Sosai | Filaye masu nisa |
| 150-600 da ire-irensa | Matsakaici | Kilo 2 zuwa 2.3 | Mai kyau | Duhu da gajiya |
| 400 f/2.8 | Mai yawa ƙwarai | Kusan kilo 3 ko fiye | Mafi kyau | Tsada, nauyi |
| Mai lens a haɗe | Kaɗan zuwa matsakaici | Kilo 1 zuwa 1.5 | Matsakaici | Raga da duhu |

Kowanne ka ɗauka, ka bar murfin inuwa a bakinsa. Yana tare tsakuwa da ɓarɓashin roba, wanda ke manne wa gilashi baƙi-baƙi, sai an hure shi kafin a goge, in ba haka ba ya karce. Filasha a kashe take a bakin hanya, jirgi marar matuƙi kuma ba a tashinsa a filin tsere sai da izini a rubuce.

Wa ya dace da me

In wannan ne karonka na farko, ko za ka je da yara, ka sayi kujera a layukan sama kusa da kwana mai jinkiri, ka tafi da duk abin da kake da shi, ka ƙara da yawo a farfajiyar gareji in an buɗe ta.

In kana son koyon abin da gaske kuma kuɗinka a ƙirge suke, tikitin tsaye a ƙananan gasanni da lens na hannu mai kaiwa 500 ko 600 shi ne zaɓin da nake ba kowa shawara. Kuɗin kujera ɗaya a babbar gasa zai kai ka ƙananan da dama, kuma yawan zuwan ne ke gyara hannu. In kafaɗarka ba ta son nauyi, 100-400 a kan kyamarar APS-C zai kai ka kusan wuri ɗaya.

In tafiya kake yi da jaka ɗaya kuma hoton na tunawa ne, mai lens a haɗe irin RX10 ya isa, sai ka riƙa neman tudun da ya fi raga tsawo.

In tseren dare ko na awa 24 ne a gabanka, haske ya fi tsawo muhimmanci. Ka ɗauki 70-200 mai f/2.8, ka yi hayar babban in da hali.

Izinin bakin hanya kuwa na wanda ke da mai jiran hotunansa ne, wanda ya riga ya shafe lokaci a bayan raga har ya san inda motoci ke kufcewa a kowace kwana. Wanda ya kai nan ya fara da ƙaramar gasa, ya nemi inshorarsa, ya halarci bayanin safe ko da ya ji shi a baya, ya ɗauki 70-200 da lens ɗaya mai tsawo, a ranakun farko kuma ya tsaya kusa da rumfar masu tuta ya riƙa tambayarsu inda tarkace ya saba sauka.